Ba da kashi cikin ɗari ake auna ji ba

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da aiki.

Na saurari shirinku na lafiya na makon jiya kan matsalar kunne kuma gaskiya ya taɓa ni, don ni kaina na daɗe ina fama da ita. Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda aka yi ta cewa wane ya rasa kashi 50 cikin 100 na jinsa, wane kuma kurma ne, kamar dai abu biyu ne kawai, ko kana ji ko ba ka ji. Wallahi ba haka abin yake ba.

Ranar da aka yi min gwaji, wani ɗan ɗaki aka sa ni wanda ko motsin waje ba ya shiga, aka ɗora min hedifon aka ba ni wani maɓalli a hannu aka ce duk sanda na ji ƙara komai ƙanƙantarta in danna. Kunne ɗaya bayan ɗaya, daga sauti mai kauri har siriri tiiii kamar kukan sauro, wato daga 250 zuwa 8000 a ma'aunin Hertz, suna rage ƙarar har su gano inda na daina ji. Daga baya suka manna min wani abu a ƙashin bayan kunne don a gane ko sautin ne ke kasa wucewa ciki ko can cikin kunnen ne ya lalace. Sakamakon takarda ce da ake kira odiyogram, jan da'ira na kunnen dama, shuɗin X na hagu, kuma da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ake lissafin.

A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, in ƙaramar ƙarar da mutum ke iya ji ba ta kai desibel 20 ba to lafiya lau ne, 20 zuwa 35 matsala kaɗan, 35 zuwa 50 matsakaiciya, haka ake ta hawa har 95 wanda shi ne rashin ji gaba ɗaya. Kuma desibel 50 ba rabin ji ba ne, don duk ƙarin 10 ƙarfin sautin ninkawa yake sau goma, to ina kashi 50 ya shigo nan?

Amma abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne yi wa mutane bayani. Ni sauti mai kauri ina jinsa, in mota ta tsaya ko an buga ƙofa na sani, siraran ne suka tafi, irin su s da f da sh da ts. Sai in ji muryar mutum sarai amma kalmomin su kuɓuce min, a ce sata in ji fata. Matata in tana gabana ina kallon bakinta hira muke ba matsala, amma ta juya baya ko yara suna hayaniya shi kenan na ɓace. Daga nan ne ake cewa ai yana ji in ya ga dama, maganar nan tana min ciwo ƙwarai. Wasu kuma su hau ɗaga murya, alhali ihun ba ya dawo da haruffan da suka ɓace, kan mutum kawai yake sarawa.

Yanzu na daina cewa ba na ji sosai, cewa nake ka fuskance ni, ka yi magana a hankali, in ban gane ba ka canja kalmar kar ka yi ta maimaita ta. Wannan ya fi min amfani nesa ba kusa ba.

Don Allah Malam Edita kafin 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, ku gayyato masanin gwajin ji ya zo da odiyogram ya karanta wa masu sauraro ita layi-layi, ku kuma ba masu matsalar dama su faɗi da bakinsu abin da suke ji da wanda ba sa ji.

Na gode.
Naku mai sauraro a kullum.