Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Iyo da Wasanni, Legas

Assalamu alaikum iyayenmu, malamai da 'yan uwa mambobi.

Babban aikin da kwamiti ya sa a gaba bana shi ne sauya tambarin ƙungiya da rigunanmu. Tsohon tambarin hoton keken guragu ne kawai, kuma ya daɗe yana korar mana mutane ta fuska biyu. Mai ƙafa ya gani ya ce ba wurinsa ba ne. Kurma da makaho su ma ba su ga kansu a ciki ba. Wasu kuwa sun ɗauka gidan rabon tallafi ne, har ana zuwa tambayar ranar rabon shinkafa.

Mun zauna da mambobi a Agege da Idi-Araba da Ebute Metta, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Matasan da suka yi fama da shan inna ne suka kawo shawarar da ta ci: kawuna uku a saman ruwa, suna iyo kafaɗa da kafaɗa. Hujjarsu ita ce idan an shiga ruwa ba a gane mai sanda da marar sanda. An buga shi a riguna da hulunan iyo da allon ƙofa, da Hausa da Yarbanci da Turanci, cikin manyan baƙaƙe farare a kan shuɗi mai duhu domin masu raunin gani.

Sai dai tambari alkawari ne, dole a cika shi a bakin ruwa. Shi ya sa muka ware safiyar Lahadi ga mata zalla, da mai koyarwa mace da kayan iyo masu rufe jiki. A ganin kwamiti, wannan ya fi komai tasiri, domin iyayen da suka ƙi a da yanzu su ke rako 'ya'yansu da kansu. Mun kuma samu mai fassara da maganar hannu.

A fagen ƙwallo, atisayen wasan guragu na kan allo mai taya, wanda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro, bai tsaya ba sai ranakun da ruwan sama ya hana. Mun kai yara Babban Filin Wasa na Surulere su ga masu ɗaga nauyi, irin wasan da Folashade Oluwafemiayo ta ciyo zinare da shi a Paris a 2024.

Abin da ya ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wurin iyon da muke haya: har yau matakala ce, sai an ɗauki mutum cak a sauke shi, manya kuma ba sa son haka. Jihar Legas tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2011, ta tarayya kuma an sa mata hannu a Janairun 2019 da wa'adin shekara biyar na gyara gine-gine. Mun rubuta wa masu wurin, kuma za mu kai batun LASODA, hukumar kula da harkokin masu buƙata ta musamman ta Jihar Legas. Kuɗin mota ma ya rage zuwan 'yan Mile 12.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a taron. Masu bashin kuɗin wata su daure su biya kafin 3 ga Disamba, ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, da za mu yi gasar iyo ta farko da sabbin riguna.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa