Na'urar gashin ciwon daji ba ta aiki da kanta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana damuna. Duk ranar 4 ga Fabrairu in aka zo ranar yaƙi da ciwon daji ta duniya, magana ɗaya ake ta nanatawa, wai ba mu da isassun na'urorin gashi, wato masu ƙona ciwon da wani haske mai ƙarfi. Gaskiya ne, duk faɗin arewa cibiyoyin gashin 'yan kaɗan ne, irin na Zariya da Sakkwato da Abuja, maƙwabtanmu na Nijar ma sai a 2021 suka buɗe tasu cibiyar gashin a Yamai. Amma ban cika jin wanda ya tambaya ba, to in an sayo na'urar wa zai lissafa adadin hasken da za a ba mara lafiya, kuma wa zai fahimtar da shi abin da ake yi masa?

Ni malamin fisiks ne a sakandare, bara na yi jinyar gwaggona da ta kamu da sankarar bakin mahaifa. An rubuta mata gashi sau 25, kullum sau ɗaya daga Litinin zuwa Juma'a, bayan nan kuma a yi mata na ciki, wanda ake saka abin hasken a cikin jiki kusa da ciwon. Sati biyu da farawa zubar jinin da take yi ya tsaya, ta ji ƙarfin jikinta, sai ta kira ni ta ce "ɗan nan na samu sauƙi, mu koma gida haka, kuɗin mota da na abinci sun isa." Wallahi da ƙyar na shawo kanta, kuma ban ga laifinta ba tunda ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausa, ma'aikatan ba su da yawa ga layi har waje. A gabana mata biyu suka tafi ba su ƙarasa ba.

Abin da ya kamata a ce an gaya musu ba shi da wuyar faɗa. Hasken nan yana ratsa jiki ne ya lalata ƙwayoyin da ke hayayyafa, masu ciwon da masu lafiyar duka yana taɓa su, sai dai masu lafiya sun fi iya gyara kansu kafin gari ya waye. Shi ya sa ba a bayar da shi gaba ɗaya, ake gutsura shi kaɗan kaɗan, ma'auninsa sunansa gire, kusan gire 2 a rana. To amma in aka yi fashi na kwanaki, ƙwayoyin ciwon da suka rage sai su ci gaba da hayayyafa, kamar manomin da ya nome rabin gona a tsakiyar damina ya tafi biki, kafin ya dawo ciyawa ta mayar. A sankarar bakin mahaifa ana so a kammala komai da komai cikin sati 8, duk ranar da ta ƙaru a kai tana rage damar warkewa. Haka maganar ƙarin jini, gwaggo ta yi ta mita don me za a ce sai an ƙara mata jini kafin a ci gaba, alhali jini ne ke kai iskar oksijin, kuma ƙwayar ciwon da ba ta samun iskar sosai tana iya jure hasken har kusan ninki 3.

Sai kuma aikin da ake yi a bayan fage wanda majinyata ba ma gani. Kafin a fara gashi sai an ɗauki hoton CT, likita ya zana iyakar ciwon, sannan masanin fisiks na asibiti ya zauna da kwamfuta ya tsara ta wace kusurwa hasken zai shiga da nawa zai shiga, yadda zai samu ciwon ba tare da ya ƙona mafitsara da hanji ba. Alamomin nan da ake yi wa mara lafiya a fata a ce kar ya goge, daga wannan tsarin suke. In na'urar kobalt ce ma, wato mai fitar da hasken daga sinadarin kobalt, akwai wani lissafin, ƙarfinta yana raguwa da rabi duk shekara 5 da 'yan watanni, wato kusan kashi 1 cikin 100 duk wata, dole a riƙa gyara tsawon lokacin da ake haska mutum. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙasar Panama tsakanin 2000 da 2001 marasa lafiya 28 aka ba hasken da ya wuce ƙima, wasu suka rasu, kuma na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar daga yadda aka shigar da bayanai cikin kwamfutar tsarawa ne, ba a kuma sake bin lissafin da hannu ba.

Wannan ilimin ba a watanni biyu ake samunsa ba, sai an yi digiri an ƙara da na biyu sannan a yi shekaru ana koyo a asibiti ƙarƙashin wanda ya ƙware. Ɗalibaina masu kaifin ƙwaƙwalwa a fisiks in ka tambaye su, injiniya ko koyarwa kawai suka sani, ko sunan wannan fanni ba su taɓa ji ba, abin yana min ciwo sosai.

Roƙona ga gwamnonin arewa, duk wanda zai sa hannu a kwangilar na'urar gashi ya haɗa da kuɗin horar da masana fisiks da masu sarrafa na'ura da injiniyoyin gyara a takarda ɗaya, kuma a biya su albashin da zai hana su tafiya Saudiyya ko Ingila. Hukumomin tallafin karatu na jihohi su ware gurbi ko da mutum biyu ne a shekara. Jami'o'inmu irin su ABU da Bayero da Ɗanfodiyo su haɗa kai da asibitocin koyarwarsu, ɗalibi ya taɓa kwamfutar tsarawa da hannunsa kafin ya gama. Ku kuma 'yan jarida don Allah ku gayyato ƙwararru su yi bayanin nan da Hausa, a jarida da rediyo, saboda irin su gwaggona rediyo suke saurara.

Gwaggo ta ƙarasa gashinta a sati na 8 daidai, yanzu duk wata uku nake mayar da ita a duba ta. Na gode.

Naku,
Wani malamin fisiks daga Funtuwa, jihar Katsina