Ba kuɗi ne ya hana marubutanmu ajiye alƙalami ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in amsa wata magana da na karanta a jaridarku kwanan baya, inda wani bawan Allah ya ce wai neman kuɗi da suna ne ke sa marubutan hikaya rubutu. Ni ba marubuci ba ne, amma na fi shekara 20 ina sayar da littattafai da ba da hayarsu a Tudun Wada, nan Zariya, kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Wane kuɗi? A idona marubuciya ta kwashi adashinta ta kai maɗaba'a, ta raba littafin ga dillalai, sannan ta yi wata da watanni tana bin bashi ana ba ta da kaɗan-kaɗan. Yau kuma takarda ta yi tsada, rubutun ya koma waya. Mutum ɗaya zai biya, kafin gari ya waye an watsa labarin a zaurukan WhatsApp kyauta. Da riba ake bi, da tuni kowa ya kama wata sana'ar.

Akwai wata malamar firamare da ke kawo mini littattafanta. Sai yara sun yi barci take rubutu, a littafin aikin makaranta, da fitilar ƙwai in babu wuta. Wata rana na tambaye ta abin da ya sa take wahalar da kanta haka. Ta ce akwai maganar da kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa mahaifinta ko maigidanta ba, amma in ta sa ta a bakin wata yarinya cikin labari, sai ka ga mazan da ba za su saurare ta ba sun zauna sun karanta. Auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, yarinyar da aka cire daga makaranta tana kuka: abubuwan da ke cin mutane a ɗaki ne, kuma labari ne ƙofar da ba a rufe musu ba.

Sai kuma masu karatu, waɗanda a ganina su ne itacen da ke riƙe da wutar. Na sha ganin mace ta aiko yaro da littafin haya, shafukan duk sun sha naɗi, saƙonta ɗaya: kashi na biyu ya fito? In na isar wa marubucin wannan tambaya, sai in ga mutumin da ya shigo yana rantsuwar ya daina ya fita yana lissafin babi na gaba. Wata ta taɓa ce mini in gaya wa marubuciyar cewa kamar a gidansu ta zauna ta rubuta. Ranar da na faɗa mata, sai da ta share hawaye da gefen mayafi.

Mu mutanen Zazzau bai kamata a koya mana darajar wannan aiki ba. Gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya ce ta fito da Abubakar Imam, yana matashin malamin makaranta a Katsina, tare da su Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A garin nan Imam ya zauna ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Kamfanin ɗab'i na Gaskiya ya kafu a Tukur-Tukur a 1945, kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya biyo baya a 1966. Marubucin wancan zamani ya san akwai edita da zai karanta aikinsa, ya gyara, ya buga, ya kai shi makarantu. Na yau shi ne marubuci, shi ne mai gyara, shi ne ɗan talla. Don haka in an ga kura-kurai a littafinsa, kuma akwai su, ban musa ba, a tuna ba wanda ya duba masa. Dubi yadda mata suka yi ca a kan gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, da suka ji akwai inda za a karanta su da idon basira.

Roƙona, Malam Edita, ku ware shafi ɗaya kowane mako don gajerun labarai, ku sa wanda ya san ƙa'idar rubutun Hausa ya riƙa dubawa, ku biya marubucin ko da kuɗin mota ne. Malamai da ɗaliban Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan Samaru, ba za a rasa mai taimakawa ba. In kun buɗe shafin, akwai rubuce-rubuce uku da masu su suka bar mini ajiya a shago, zan nemi izininsu in kawo muku da kaina.

Naka,
Mai sayar da littattafai,
Tudun Wada, Zariya.