Ruwan ƙazantar Maradi: mu nemi matatar da za mu iya riƙewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da mutanen Maradi ke jin kunyar faɗa a bainar jama'a: ina ƙazantar salangoginmu take zuwa bayan an kwashe ta?

Galibin gidajenmu rami ne ko sokawe. In ya cika, mai hali ya kira mota, marar hali ya kira masu kwasa da bokiti cikin dare. Daga nan kuma sai bayan gari, ko kwalbati, ko wani kwari da ruwan sama zai wanke zuwa Gulbi, inda masu lambu ke noman salati da tumatir da muke ci ɗanye. Ba mu manta da kwalarar 2018 ba, wadda ta faro daga Madarunfa ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, ta kuma dawo a 2021. Ambaliyar 2024 ta ƙara nuna mana yadda rami ke tumbatsa ya shiga tsakar gida.

Duk lokacin da aka tada zancen tace ruwan ƙazanta, sai a ce aikin biliyoyi ne. Gaskiya ne in ana nufin irin matatun Turai masu injinan hura iska da famfuna da magunguna. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2017 ya ce ƙasashe matalauta kashi 8 cikin 100 kawai suke tacewa na ruwan ƙazantarsu. A ganina babban dalili shi ne ana kawo mana abin da ba za mu iya ciyarwa ba. Mu da muka sha duhu daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, mun san makomar injin da ba ya motsi sai da lantarki.

Akwai wata hanya, kuma zafin ranar da muke kuka da shi ne jarinta. Ana haƙa tafkuna a jere. Na farko mai zurfi ne, nan dauɗar ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu faffaɗa ne marar zurfi, gansakuka na ba da iska, ƙananan halittu na cinye sauran dattin. A na ƙarshe hasken rana ne ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Ruwa na gangarawa da kansa, ba famfo, ba man fetur. Makwabtanmu na Burkina Faso sun yi irin wannan a Kossodo da ke Wagadugu. A garin Devanahalli na Indiya kuwa, tun 2015 suka buɗe ƙaramar matata ta abin da motoci ke kwasowa daga salanga: ana shanya laka a kan gadajen yashi da tsakuwa, sannan a haɗa taki da ita. Bulo, siminti, tsakuwa, yashi: wanne ne magina na Maradi ba su sani ba?

Sai dai a yi hattara. Ƙasarmu jigawa ce, tafkin da ba a daɓe gindinsa da yumɓu ko shimfiɗar roba ba zai zurara ya ɓata rijiyoyi. In aka bar ciyawa ta rufe bakinsa, sauro ya samu gida. Ruwan marina da na majema kuma kada a gauraya shi da na gidaje. Sannan tafki fili yake ci, fili kuwa kullum tsada yake ƙarawa, shi ya sa nake roƙon hukumar birni ta keɓe wurare tun yanzu, kafin a yanka su fuloti.

Abin da ya fi damuna shi ne riƙo. Gini sau ɗaya ake yin sa, amma albashin mai gadi da yashe laka na kullum ne. A sa kuɗin zubarwa kaɗan, wanda direba zai ga ya fi masa sauƙi da ɓuya a daji, kuma wurin ya kasance kusa, don in ya yi nisa kuɗin mai zai kore shi. A sayar wa manoma takin bayan ya bushe sosai, ruwan a shayar da itatuwa. Malaman aikin gona na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo za su iya auna mana ruwan da takin, su faɗi wanda ya dace da gero da wanda bai kamata ya taɓa ganye ba.

A fara da matata guda ɗaya, kusa da mayanka ko wata makarantar kwana, inda ƙazanta ke taruwa da yawa kuma ana iya tara iskar gas ta girki. A riƙa bayyana wa jama'a abin da aka kashe da abin da ya shigo, kafin a gina ta biyu.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi