Wasiƙa zuwa ga Yaya a kan kason da ba a bin lissafinsa

Ajame, Abijan

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna da yara da dukan mutanen gidanmu na unguwar Bagalam a Maradi. Ni ma nan lafiya lau nake, harkar shago tana tafiya gwargwadon hali, mun gode Allah.

Auta ya gaya mini ta waya cewa kuɗin da na ƙara a aiken watan jiya, waɗanda na ce ki yanki atamfa da su, kin haɗa su da na cefane kin auno gero, kuma da ya yi miki magana kin ce ba za ki iya ɗaura sabon zane ba alhali ƙaninki yana tsaye tun asuba a ƙasar mutane. Ban ji haushi ba, domin na san zuciyar da ta sa kika yi haka. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zaɓi in rubuta, tunda a waya za ki katse ni da “ba komai”, kuma ina so a karanta wa Inna ita ma ta ji.

Daga wannan wata, cikin jika 60 na sefa da nake aikowa, jika 55 ne na gida, wato hatsi da cefane da wuta da ruwa da kuɗin makarantar yara da maganin Inna, kamar yadda kika saba rabawa, kuma ba ni da abin gyarawa a rabonki. Jika 5 da suka rage ba na gida ba ne. Uku naki ne, biyu na Inna, kuma ina roƙonki ki cire su tun a ranar da kika karɓo aiken, kafin kuɗin su shiga hannun mai awo, ki sa naki a wani gwangwani dabam, ki danƙa wa Inna nata a hannunta. Idan kin so ki sayi turaren wuta ko man shafawa, idan kin so ki sa a yi miki lalle ranar da babu bikin kowa, idan kin so ki aiki yaro ya sayo miki kilishi ki shige ɗaki ki ci ke kaɗai, duk daidai ne. Ba zan tambaye ki abin da kika yi da su ba, kuma na hana Auta ya kawo mini labarinsu. Abin da kawai ban yarda da shi ba shi ne su koma tukunya, ko gudummawar biki, ko zubin adashi, domin waɗannan duka suna da nasu wurin a cikin jika 55.

Don kada ki ɗauka ina ɗora miki abin da ba na yi, ni ma ina da irin wannan kaso. Duk ƙarshen wata, bayan na biya hayar ɗaki, na aiko naku, na ajiye abin da nake tarawa na ginin filinmu, ina ware jika 4 in sa a aljihun wata tsohuwar riga da ke rataye a bayan ƙofa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan je wurin wani mai nama, mutumin wajen Tasawa, ya yanka mini balangu da zafinsa a kan takarda, ya barbaɗa yaji da albasa, in zauna a kan benci in ci a tsanake muna hira da Hausar gida. Lokacin gasar kokowa kuma, daga nan nake sayen kuɗin intanet in kalli yadda 'yan Maradi suke neman takobin da ake ba zakaran gasar, kin san tun ina yaro ba a raba ni da filin kokowa na Kantu. Idan aljihun ya ƙare kafin wata ya mutu, to ya ƙare ke nan, ba na ranto daga na gini, ba na cin bashin mai nama. Wannan iyaka ita ce ta sa nake ci da kwanciyar rai, domin na san loma ɗaya ba ta fito daga bakin Inna ba.

Abin da na gani a nan ne ya tabbatar mini da amfanin wannan tsari. Yaranmu da yawa suna sana'ar sayar da garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, a unguwannin Abijan, suna tsaye gaban kaskon mai suna soya kifi daga safe har dare. Akwai waɗanda ke aika duk abin da suka samu, su hana kansu ko shayi, suna ganin duk dalar da ta shiga cikinsu sun zalunci iyayensu. Irin wannan yaro yakan daure wata da watanni, sai ranar da haƙuri ya ƙare ya shiga kasuwa ya sayi waya mai tsada ko takalmin da ya cinye aiken wata guda, sa'an nan kunya ta hana shi kiran gida, ya fara ƙaryar cewa ciniki ya faɗi. Wanda ya yanka wa kansa ɗan rabo sananne, ya ci shi a fili, shi na ga yana daɗewa yana aike ba fashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, Yaya, kuma ke ce kike jan ruwan gidanmu tun rasuwar Baba.

Na san kin fi ni sanin riƙon kuɗi. Ƙungiyarku ta Mata Masu Dubara, wadda aka fara irinta a jihar Maradi a 1991 kafin ta bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka, ta koya muku zubi kowane mako, da raba kuɗin rance da na taimakon gaggawa, kuma babu mai taɓa asusu sai a gaban kowa. Abin da nake nema bai saɓa wa wannan tarbiyya ba. Ƙarin gida ɗaya ne a cikin rabo, mai suna da iyaka kamar sauran, sai dai shi mai shi ce kaɗai take da ta cewa a kansa.

Idan kuma abin da ke damunki tsoron almubazzaranci ne, ki tuna Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan da cewa idan za su ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa ne a tsakani. Ki tuna kuma da Salmanul Farisi, da ya ziyarci Abu Darda ya tarar da matarsa cikin tufafi marasa kyau saboda mijin ya juya wa duniya baya, sai ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Jika uku a wata ga macen da ke ɗawainiyar gida guda ba ɓarna ba ce a wurin kowane malami da na sani.

Ban manta cewa damina ta kama ba, kuma daga yanzu har sabon gero ya shigo tiya za ta yi ta hawa a kasuwa. Idan wata ya zo da tsanani, ki gaya mini kai tsaye in ga abin da zan iya ƙarawa. Idan ƙarin bai samu ba, mu rage kason tare, naki da nawa, ko da zai koma jika ɗaya, amma kada a soke shi, domin abin da aka soke saboda wuya ba ya dawowa ko wuyar ta wuce, sai a ce an riga an saba. Ita kuwa Inna, na san za ta so ta raba nata ga jikoki. Ki bar ta ta ba su abin da ta ga dama, tunda hakan ma daɗinta ne, amma ki tabbatar goronta fari da furarta ta yamma mai nono ba su yanke ba.

Kuɗin atamfa zan sake aikowa tare da na wata mai zuwa, dabam da jika 5, kuma na ce wa Auta ya raka ki babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a ki zaɓa da kanki, har da kuɗin tela. Ki gaishe mini da Inna ƙwarai, ki roƙa mini addu'arta, ki gai da Kawu da iyalinsa da maƙwabta baki ɗaya. Ki sa Auta ya rubuto mini abin da likita ya ce game da ƙafar Inna da sunan maganin da aka rubuta mata.

Wassalam,
Ƙaninki