Tsananin hukunci kaɗai ba ya sa a bi doka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da jaridarka ta buga a makon jiya, inda marubucin ya nemi a tsaurara hukunci a kan masu laifi, a ninka tara, a ƙara shekarun ɗauri, domin a ganinsa mutane sun daina tsoron doka. Abin da ya dame shi ya dame ni, a kan maganin ne kawai muka saɓa. Na shekara 27 ina aikin magatakarda a kotu kafin na yi ritaya, kuma abin da idona ya gani daga wannan teburin da ke ƙasan kujerar alƙali bai gaskata shi ba.

Mafi yawan aikin da doka take yi a cikin jama'a ba ya zuwa gaban alƙali. Akwai wani mutum da ya kai ƙarar abokinsa a kan bashi, bayan ya yi shekara biyu yana bin sa ana ce masa gobe. Ranar da masinjan kotu ya miƙa wa mai cin bashin sammaci, ranar barcinsa ya ƙare. Da safiyar zaman ya zo da yayansa, suka ja mai ƙara gefe a baranda, na hango su ta taga suna ƙirga kuɗi a kan benci, yayan yana ta dafa kafaɗar mai ƙara. Kafin in kira shari'ar sun shigo sun ce sun sasanta. Alƙali bai ce uffan ba sai "an kori ƙara." Daga baya na tambayi yayan abin da ya sa kuɗin da aka ce babu suka fito cikin kwana uku. Ya ce, "Malam, ai ba ɗauri yake tsoro ba. Ka tashi ka kira sunansa da na mahaifinmu a gaban mutane, shi ne ba zai iya ɗauka ba." Tsoro na daji, kunya ta gida. Irin wannan na gan shi ba adadi. Kotu tana nan tsaye kamar bango a bayan mai gaskiya, shi ya sa ake biyan bashi, ake cika alkawarin ciniki, ake raba gado ba tare da an zare wuƙa ba, alhali yawancin masu yin haka ba su taɓa taka ƙofarta ba.

Ba ina cewa a jefar da sanda ba ne. A ranar 7 ga Oktoba 1969 'yan sandan birnin Montreal na ƙasar Kanada suka shiga yajin aiki na awa 16 kacal. Kafin su dawo an yi fashi a bankuna 6, an wawashe kantuna sama da 100, sai da aka kira sojoji. To amma ko a wannan daren, mafi yawan mutanen birnin suna gidajensu, ba su fasa ƙofar kowa ba. Sandar hukuma ta 'yan tsiraru ce. Abin da ke riƙe sauran jama'a shi ne tarbiyya da addini da idon maƙwabci, doka kuwa tana jingine da waɗannan ne, ba ita ta haife su ba.

Su kuma 'yan tsirarun, me suke tsoro? A nan ne nake ganin marubucinka ya bar jaki yana dukan taiki. Ingila ta riga ta gwada abin da yake nema, har ta wuce gona da iri. Zuwa farkon ƙarni na 19, laifuffukan da hukuncinsu rataya ne a can sun haura 200. Wanda ya saci kayan sule 40 a cikin gida, igiya ce makomarsa. Sata ba ta ƙare ba. Abin da ya faru shi ne, talakawan da ake ɗaukowa su taya alƙali tantance mai laifi suka riƙa rantsewa cewa kayan da aka sata na sule 39 ne, ko da kowa ya ga sun fi haka, don kada a rataye yaro a kan cokali da agogo. Waɗanda aka yi wa satar ma sukan ƙi kai ƙara saboda ba sa son jinin wani a wuyansu. Tsananin hukuncin da kansa ya zama mafakar ɓarawo. Daga shekarar 1823 aka fara zaftare waɗannan dokoki, kuma a 1829 ministan cikin gida Robert Peel ya kafa rundunar 'yan sandan Landan, wato aka koma neman kama mai laifi maimakon tsoratar da shi da igiyar da ba lallai ta same shi ba. Tun a 1764 wani matashi ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya faɗi wannan magana: tabbacin cewa hukunci zai zo, ko da mai sauƙi ne, ya fi hana laifi a kan mummunan hukuncin da ake sa ran tsallakewa.

Mu ma muna da ita a bakinmu, mun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai dai mukan manta cewa ɓarawo ma ya iya lissafi. Ranakun nan dubu yake ƙirgawa. Idan ka mai da hukuncin rana ɗayar daga shekara 5 zuwa shekara 20 ka bar masa dubunsa, ba ka taɓa lissafinsa ba. A duk shekarun da na yi ina rubuta bayanan waɗanda ake tuhuma, ban tuna ko mutum ɗaya da ya san adadin shekarun da doka ta tanadar wa laifinsa kafin ya aikata ba. Amma kowannensu ya san ko ana kama mutane a wurin ko ba a kamawa, kuma ya san wanda aka kama jiya aka sako shi da yamma.

Wani abu da ya faru a birnin New York ya nuna wannan a fili. Jami'an diflomasiyyar da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya suna da kariya, a da ba a iya tilasta musu biyan tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba. Tsakanin 1997 da 2002 suka tara takardun tara sama da 150,000 da ba a biya ba, na fiye da dala miliyan 18. Duk da haka jami'an wasu ƙasashe, irin su Suwidin da Norwe da Japan, kusan babu takarda ko ɗaya a kansu, alhali su ma ba wanda zai taɓa su. Wannan halin da suka taso da shi ne daga gida. A ƙarshen 2002 hukumar birnin ta samu ikon cire lambar motar duk wanda ya tara takardu bai biya ba. Ba a ɗaure kowa ba, ba a ninka tarar ba, amma karya dokar ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Abin da ya canza kawai shi ne, yanzu abin yana biyo baya.

Akwai kuma wani aikin doka da babu ruwansa da laifi ko kaɗan, shi ne ta gaya wa kowa abin da sauran za su yi. A 1955 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Suwidin, kusan kashi 83 cikin 100 suka ce a bar su da tuƙinsu na hannun hagu. Majalisa ta yi gaban kanta. Ranar 3 ga Satumba 1967, da ƙarfe 5 na asuba, ƙasar gaba ɗaya ta koma hannun dama, har da waɗanda suka ƙi. Wa zai yi taurin kai ya tsaya a hagu bayan ya san motar da ke tahowa ta koma dama? Najeriya ta yi irin wannan canjin hannu a 1972. Direban da ke tsayawa a danja yana tsayawa ne don ya yarda na ɗaya hannun ma zai tsaya idan tasa ta nuna ja. Ranar da ya ga mutum uku sun wuce ba abin da ya same su, shi da ya tsaya ana yi masa hon ta baya, ranar zai fara jin kansa wawa. Da zarar mai bin doka ya fara jin haka, to doka ta kama hanyar mutuwa, ko da tarar da aka rubuta a littafi ta kai kuɗin motar.

Doka tana iya jan jama'a gaba, amma taku ɗaya, ba goma ba. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933, a lokacin da miliyoyin 'yan ƙasar ba su ga aibin shanta ba. Ni ban ga alheri a giya ba, amma ba ra'ayina ake tambaya ba, na waɗanda aka ɗora wa dokar ake tambaya. Fasa-ƙwauri ya bunƙasa, 'yan daba suka yi kuɗi, cin hanci ya ratsa 'yan sanda, har shi Al Capone, shahararren shugaban 'yan daba, da aka kama a ƙarshe, a kan ƙin biyan haraji aka ɗaure shi a 1931. Ƙasar Ireland kuwa ta hana shan taba a wuraren aiki a ranar 29 ga Maris 2004, har da mashaya da gidajen cin abinci, dokar ta zauna daram ba da wata hayaniya ba. Yawancin mutane dama hayaƙin ya ishe su, kunyar magana kawai suke ji. Doka ta ba su baki.

Abin da ya fi ci mini rai, wanda sharhin bai taɓo ba, shi ne tambayar wa ake juyawa, kuma don amfanin wa. Dokar da ta tilasta wa baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu yawo da takardar izini a ƙasarsu, ita ma doka ce, majalisa ta zartar, kotu ta yi aiki da ita, kuma ba a yi mata sakaci wajen aiwatarwa ba. A kanta 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, ba a soke ta ba sai 1986. Saboda haka idan aka ce a ƙara wa doka haƙora, ya kamata a tambaya naman wa za ta ciza. A abin da na sani, sabon hukunci mai tsanani kan fara sauka ne a kan wanda ba shi da lauya.

Hadisin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata sananne ne. Da aka turo Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci saboda darajar gidansu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne, idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Halakar ba daga sauƙin hukunci ta zo ba, daga zaɓen wanda za a hukunta ta zo.

Na ga wannan da idona a rana guda. Da safe aka yanke wa wani saurayi wata shida a kan wayar hannu, shari'ar ba ta kai minti ashirin ba, mahaifiyarsa tana zaune a bencin baya ta rufe fuska da mayafi. Bayan azahar aka kira shari'ar wani mai hali da ake tuhuma da cinye kuɗin jama'a. Bai zo ba. Lauyoyinsa uku suka miƙa takardar likita, aka ɗage zaman, karo na nawa ma na daina ƙirgawa, ni ne kuma na rubuta sabuwar ranar da hannuna. Abokan saurayin nan ba su tafi ba, suna tsaye a bakin ƙofa sun ji komai. Ɗayansu ya yi dariya ya ce wa na kusa da shi, "Ka gani ko? In za ka ɗauka, ɗauki babba." Darasin da kotu ta koya musu ke nan a ranar, kuma babu ƙarin shekarun ɗaurin da zai goge shi. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi a gaban yara.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka ya zauna a kotu guda ɗaya na wata ɗaya, ba don babbar shari'ar da kowa ke jira ba. Ya riƙe littafi ya rubuta shari'a nawa aka kira, nawa aka ɗage, saboda me, da wata nawa wanda ke tsare ya yi yana jiran a saurare shi, da kuma wanda aka ba beli da wanda aka hana. Magatakarda sun san waɗannan alƙaluma, ba a dai tambayarsu. Idan kun buga abin da ya samo, ina so in ji ko marubucinka zai sake neman a ninka hukunci, ko kuwa zai nemi a ƙara alƙalai da masu bincike, a kuma sa wa ɗage zama iyaka.

Na gode da ba ni fili.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon magatakardan kotu