Wasiƙa ga Iyaye: Wanda Ya Tafi Burma Bai Dawo Ba

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yaranmu,

Makon jiya malamin tarihi ya ce wa 'yan aji biyu kowa ya tambayo a gida ko an taɓa samun soja a zuri'arsu. Washegari wata yarinya ta zo da hoto a naɗe cikin ƙyalle, duk ya koɗe. Saurayi ne sanye da kaki, da ƙyar in ya cika shekara 20. Ƙanin kakan mahaifinta ne. An ɗauke shi soja lokacin yaƙin Hitila, aka kai shi Burma, kuma ko gawarsa ba a gani ba. Abokinsa da ya dawo a 1946 shi ya kawo labarin rasuwarsa. Ta ce har yau in an yi sadaka a gidansu sai an ambaci sunansa.

Da ta gama magana ajin ya yi tsit. Ni kaina sai da na share hawaye.

Yaranmu suna wucewa ta Barikin Chindit a nan Zariya, wasu sun san Barikin Dalet a Kaduna, amma ba su san daga Burma waɗannan sunaye suka samo asali ba. A 1943 aka kwashi runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a jirgin ruwa zuwa Indiya, ta 82 ta biyo baya. Sun gwabza da sojojin Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Daji ne mai duhu, ga ruwan sama, ga zazzaɓin cizon sauro, hanyar mota babu. Daga jirgin sama ake jefo musu abinci, su ɗauki kaya a ka. Da Hausa aka fi yin magana a rundunar Najeriya, saboda yawan mutanenmu a ciki.

Waɗanda ba su samu kabari ba, sunayensu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Burma, cikin sunaye kusan 27,000 na sojojin Commonwealth baki ɗaya. Ana iya nemansu ta intanet a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth. Sai dai a kula, Turawa kan haɗa sunan soja da na garinsu maimakon na mahaifinsa, don haka a gwada duka biyun.

Ranar 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, za mu taru a filin makaranta da ƙarfe 9 na safe. Da izinin iyayenta, yarinyar za ta ba da labarin ƙanin kakan mahaifin nata, sannan a yi masa addu'a tare da sauran. Duk mai hoto ko lambar yabo ko tsohuwar takarda a gida, don Allah ya aiko ta hannun malamin aji. Za mu mayar da komai a ranar. Kakanni ma muna gayyatarsu, mun tanadi kujeru a inuwa.

Allah Ya jiƙansa da rahama.

Shugabar Makaranta